Nikola Siteno da haƙoran dutse

An haifi Nikola Siteno a shekara ta 1638 a birnin Kopanhag, cikin ƙasar Danmak. Ubansa maƙerin zinariya ne. Da ya girma sai ya yi karatun likita. A shekara ta 1660 yana feɗe kan tunkiya, ya gano hanyar da miyau yake bi ya zubo cikin baki. Har yau likitoci suna kiran wannan hanya da sunansa.

Daga baya ya koma birnin Fulorans na ƙasar Italiya. A zamanin nan mutane suna tsintar waɗansu duwatsu masu tsini cikin tsaunuka, musamman a tsibirin Malta. Suna ce musu duwatsun harshe. Waɗansu na cewa daga sama suka faɗo, waɗansu na cewa ƙasa ce ta tsiro da su. Har rataya su ake yi kamar laya, wai maganin dafi ne.

A shekara ta 1666 masunta suka kama wani ƙaton kifin teku mai cin nama, wanda ake kira shak. Sarkin ƙasar ya sa aka kai wa Siteno kan kifin. Siteno ya duba haƙoran da kyau, ya gwada su da duwatsun harshe. Sai ya ga kamarsu ɗaya, bakinsu kamar zarto.

To, yaya aka yi haƙorin kifi ya shiga cikin dutse a kan tudu? Siteno ya bayyana cewa dā wurin teku ne. Haƙoran suka zube, laka ta rufe su, a kwana a tashi lakar ta zama dutse. A shekara ta 1669 ya rubuta littafi, ya nuna cewa shimfiɗar dutse ta ƙasa ta girmi ta sama.

Bayan haka ya bar bincike, ya zama limamin coci. Ya yi zaman talauci, yana taimakon matalauta, har ya rasu a ƙasar Jamus a shekara ta 1686.

A jihar Tawa ma masu bincike sun tono irin waɗannan haƙora. Ashe teku ta taɓa rufe ƙasar Adar!

Tambayoyi
1. Mene ne duwatsun harshe?
2. Wace shimfiɗar dutse ce ta fi tsufa?
3. Me haƙoran jihar Tawa suke nuna mana?