Peter Lalor: Daga Ramin Zinariya Zuwa Kujerar Majalisa

Shi dai Peter Lalor an haife shi ne a ƙasar Ayalan a shekarar 1827, a gidan da ya yi suna wajen adawa da mulkin Ingila. Ya yi karatun injiniya, sa'an nan a 1852 ya bi ayarin masu neman arziki zuwa Biktoriya, ɗaya daga cikin yankunan da Ingila ke mulka a Ostareliya, inda aka gano zinariya shekara guda kafin zuwansa. A 1854 ya sauka a filin haƙa na Balarat.

A wancan zamani tilas ne kowane mahaƙi ya yanki lasin, ko ya sami zinariya ko bai samu ba. 'Yan sanda kan yi farautar marasa lasin kamar ɓarayi, alhali mahaƙan ba su da ƙuri'a, ba su da wakili. Da tura ta kai bango, sai suka taru ranar 30 ga Nuwamba 1854, suka zaɓi Lalor shugaba, suka yi rantsuwa a ƙarƙashin tutarsu, suka kuma kafa shingen itace a wurin da ake kira Yureka. Da asubahin Lahadi, 3 ga Disamba, soja da 'yan sanda suka auka musu. Ba a yi rabin sa'a ba aka gama, mahaƙa sama da ashirin suka halaka. Harsashi ya sami Lalor a hannun hagu, aka ɓoye shi, aka yanke hannun a asirce a gidan wani limamin Katolika. Gwamnati ta sa ladan fam 200 ga wanda ya tona inda yake, amma ba wanda ya tona.

Mutum 13 aka gurfanar da laifin cin amanar ƙasa, duka kuwa aka sallame su. A 1855 aka soke lasin, aka maye gurbinsa da takardar fam ɗaya a shekara wadda ta ba mahaƙi ƙuri'a. A shekarar nan ce Lalor ya shiga majalisa da sunan Balarat.

To, a nan ne tarihin nasa ya zama abin nazari. Mutumin da ya ba da hannunsa saboda mahaƙa sai ga shi yana goyon bayan fifita masu dukiya wajen zaɓe, da dokar filaye wadda ta yi wa manyan makiyaya daɗi. Mutanen Balarat suka juya masa baya, har ya sauya mazaɓa a 1859. Mafi muni, a 1873 ma'aikatan wata mahaƙa a garin Clunes suka shiga yajin aiki, kamfanin da Lalor ke cikin shugabanninsa ya ɗauko leburori 'yan Sin don karya yajin. Wasu sun kira wannan butulci. A ganinmu, mutumin bai sake ba. Ɗan masu gona ne, abin da ya yaƙa a Yureka zaluncin jami'ai ne, bai taɓa neman a daidaita mai shi da marar shi ba.

Ya riƙe muƙaman minista, ya kuma shugabanci majalisar dokokin Biktoriya daga 1880 zuwa 1887, lokacin da rashin lafiya ta sa ya sauka. Ya rasu a Melbon ranar 9 ga Fabrairu 1889.