Abraham-Louis Breguet (1747–1823): Maƙerin Agogo

A ƙasashe da dama akwai mutanen da suka ɗauki harhaɗa agogon hannu a matsayin abin sha'awa. Mutum zai sayi injin agogo daban, gidansa daban, fuskarsa da tsinkayenta daban, sannan ya zauna da matsefata da ƙaramin sukudireba da madubin ƙara girma ya haɗa su da kansa. Irin agogon da suke haɗawa ba ya amfani da batir, sifirin ne ake naɗewa a cikinsa, yana warwarewa a hankali yana tura ƙananan wili masu haƙora. Da yawa daga cikin sassan da mai wannan sha'awa yake ɗauka da matsefatarsa, asalin siffarsu ta fito ne daga shagon mutum guda, wato Abraham-Louis Breguet, wanda Faransawa ke kiran sunansa Birege.

Haihuwarsa da Koyon Sana'a

An haifi Breguet ranar 10 ga Janairu, 1747, a garin Neuchâtel da ke cikin ƙasar Suwizalan ta yau. Mahaifinsa ya rasu a shekarar 1758, sai mahaifiyarsa ta auri Joseph Tattet, wanda danginsa masu sana'ar agogo ne. Ta wannan aure ne yaron ya shiga sana'ar. Yana ɗan shekara 15 aka kai shi Faransa, inda ya yi zaman koyo a Versailles, garin da fadar sarki take. Bai tsaya ga aikin hannu kaɗai ba, domin ya riƙa ɗaukar darasin lissafi a Kwalejin Mazarin da ke Faris a wurin wani malamin coci da ake kira Abbé Marie. Wannan malami ne ya lura da hazaƙarsa, ya kuma buɗe masa hanyar sanin manyan fada.

A shekarar 1775 ya yi aure, ya buɗe shagonsa a Quai de l'Horloge, a tsibirin da ke tsakiyar birnin Faris. An haifa masa ɗa, Antoine-Louis, a 1776. Matarsa ta rasu a 1780, bai kuma sake aure ba.

Gyare-gyaren da ya Kawo

Agogon aljihu na zamanin da ya taso abu ne mai kauri, mai nauyi, wanda aka cika wa ado, ga saurin lalacewa. Breguet ya bi hanyar rage kauri da rage ƙawa. Wajen shekarar 1783 ya fito da siraran tsinkaye na ƙarfe masu launin shuɗi, kowanne da ɗan zobe kusa da bakinsa, tare da lambobi masu ɗan karkata waɗanda ido ke saurin karantawa. Har yau masu sayar da kayan agogo da sunansa suke kiran irin waɗannan tsinkaye da lambobi, ko da wane kamfani ne ya ƙera su.

Sai dai gyaran da ya fi amfanar talaka ba a fuskar agogo yake ba. A cikin kowane agogo mai sifirin akwai wani wili da ke lilo, ya je ya dawo, shi ne mai raba lokaci zuwa ƙananan yanka daidai wa daida. Wannan wili yana tsaye ne a kan sanda mai bakuna biyu sirara, kusan kamar gashi. Da agogo ya faɗi ƙasa, bakin sandar ne ke fara karyewa, shi ke nan agogo ya tsaya. A shekarar 1790 Breguet ya ɗora mazaunin bakin sandar a kan wani ɗan sifirin, ta yadda in an bugi agogon mazaunin zai ɗan ja baya ya shanye bugun, sannan ya koma wurinsa. Tsarin kare agogo daga bugu da ake samu a injunan yau jikan wannan dabara ne. Agogon aljihu yana kwance cikin tufafi, amma na hannu kullum cikin karo da ƙofa da tebur yake, don haka da wuya ya yi ƙarko ba tare da irin wannan kariya ba.

Gudun Hijira da Dawowa

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya same shi yana cikin masu yi wa Sarki Louis na 16 da matarsa Marie-Antoinette aiki, kusancin da ya koma abin tsoro. A shekarar 1793, wadda a cikinta aka kashe sarkin da sarauniyar, ya tsere zuwa Suwizalan, ya zauna a Geneva da Neuchâtel da Le Locle. Da ya dawo Faris a 1795 ya tarar da sana'arsa ta durƙushe, manyan da ke sayen kayansa wasu an kashe su, wasu sun watse.

Ya dawo da dabaru da yawa. A wannan shekara ya gyara siririn sifirin da ke sarrafa wilin lilo: ya ɗaga zagayensa na ƙarshe sama, ya lanƙwasa shi zuwa ciki, domin sifirin ya riƙa buɗewa da tsukewa daidai ta kowane ɓangare. Ya kuma fara sa wata ɓoyayyar sa-hannu a fuskar agogunansa, wadda ba a gani sai haske ya faɗo mata a karkace, saboda masu jabu sun yawaita buga sunansa a kayansu.

Matsalar jari kuwa ya warware ta da wani agogo mai sauƙi, mai tsinke guda ɗaya tak, wanda ya tallata a 1797. Mai so zai biya kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin tun lokacin da ya yi oda, da wannan kuɗi ake sayen kayan aiki. An ƙera kimanin 700 na irinsa. A nan ne basirarsa ta kasuwanci ta fito fili, domin da agogo mafi sauƙi ya farfaɗo da shagon da ake ƙera mafi wuya.

Ranar 26 ga Yuni, 1801, ya sami takardar mallakar ƙirar da ta fi kowace ɗaukaka sunansa, wadda ya kira tourbillon, ma'ana guguwa. Ya lura cewa agogon aljihu yana wuni a tsaye, nauyin wilin lilo yana rinjaya gefe guda, sai gudunsa ya ɗan sauya. Sai ya sa wilin da abin da ke tura shi cikin wani ɗan keji mai juyawa, domin kuskuren wannan gefe ya goge na wancan. Aiki ne mai wuyar gaske, guda 35 kacal ya sayar tsakanin 1805 da 1823. A agogon hannu, wanda ke sauya matsayi duk lokacin da mai shi ya motsa, amfaninsa kaɗan ne. Yawanci don nuna gwaninta ake sa shi.

Agogon Sarauniyar Naples

Kafin Napoleon ya tafi yaƙin Masar a 1798, ya sayi agogo uku a wurin Breguet, daga nan danginsa suka biyo baya. Kayansa sun kai har Rasha da Ingila da fadar Daular Usmaniyya. Ranar 8 ga Yuni, 1810, ƙanwar Napoleon, Caroline Murat, Sarauniyar Naples, ta yi odar agogon da za ta ɗaura a wuyan hannu. An ba shi lamba 2639, aka miƙa mata shi a watan Disamba na 1812. Siffarsa kamar ƙwai, yana buga ƙararrawar lokaci in an taɓa shi, maɗaurinsa kuma gashi ne da aka saƙa da zaren zinariya. Yana cikin agogunan hannu na farko da tarihi ya adana cikakken bayaninsu.

Bayanin ya tsira ne saboda Breguet mutum ne mai rubuta komai. Kowane agogo yana da lamba, kuma a littattafan shagon ana rubuta wanda ya yi kowane aiki da wanda ya saya. Daga nan aka san cewa mutum 17 ne suka sa hannu a agogon sarauniyar. Wannan ya nuna yadda sana'ar take tun asali: wani ya yi wili, wani ya yi gida, wani ya zana fuska, maigida ya tsara, ya duba, ya daidaita. Mai harhaɗa agogo a ɗakinsa yana yin mataki na ƙarshe ne na wannan tsohon tsari. An kawo agogon gyara a 1849 da kuma 1855, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Maza kuwa ba su rungumi agogon hannu ba sai a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, lokacin da sojoji suka ga wahalar laluben aljihu a fagen fama.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1815 aka naɗa shi maƙerin agogon rundunar ruwan Faransa, a 1816 ya zama ɗan Majalisar Masana Kimiyya ta ƙasar, a 1819 aka ba shi lambar girma ta Légion d'honneur. Ya rasu a Faris ranar 17 ga Satumba, 1823, yana da shekara 76, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise. Sunansa na cikin sunaye 72 da aka rubuta a jikin Hasumiyar Eiffel.

Ya bar aiki guda bai kammala ba. Tun 1783 aka yi odar wani agogon aljihu domin Marie-Antoinette, da sharaɗin a sa masa duk wata dabara da aka sani, ba tare da iyakance kuɗi ko lokaci ba. Ɗansa Antoine-Louis ne ya kammala shi a 1827, shekara 34 bayan kashe sarauniyar. Wannan agogo mai lamba 160 yana da sassa 823. An sace shi a 1983 daga gidan adana kayan fasahar Musulunci na L. A. Mayer da ke birnin Ƙudus, aka kuma dawo da shi can a 2007.