Likita Walter Miller (1872-1952)

An haifi Walter Miller a Ingila a shekarar 1872, ya kuma yi karatun likita a Landan. Daga nan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS ta cocin Angilika, wadda ta tura shi Tarabulus ta ƙasar Libiya domin ya koyi Hausa daga bakin fatake da mahajjata.

A shekarar 1900 Miller ya biyo ayarin Bishop Tugwell zuwa birnin Kano, da niyyar kafa mishan. Sarkin Kano Alu bai amince ba, ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki. Sai suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A 1905 Miller ya sami mazauni a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Zaman bai yi daɗi ba tsakaninsa da masarauta da kuma Turawan mulki, har aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929.

Burinsa na mayar da Hausawa Kiristoci bai cika ba, domin 'yan ƙalilan ne suka bi shi. Amma a fagen harshe ya bar tarihi. Ya wallafa littafin nahawu mai suna Hausa Notes a 1901, ya kuma dage a kan rubuta Hausa da boko. Shi ne jigon fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932. Daga cikin waɗanda makarantarsa ta yaye akwai Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Miller ya rasu a Bukuru a 1952. Bayan shekara biyu aka kafa Dayosis ta Arewacin Nijeriya, wadda daga cikinta aka fitar da ta Kano a 1980, wato shekara tamanin bayan korar ayarinsu daga birnin.

Wajibi ne mai nazarin tarihin rubutun boko ya san wannan asali, domin yana cikin dalilan da suka sa iyaye da dama suka daɗe suna ɗari-ɗari da karatun boko.