Likita Aikman da Kajin Asibiti

An haifi Kiristiyan Aikman ranar 11 ga watan Agusta na shekara ta 1858, a wani ƙaramin gari na ƙasar Holan mai suna Naikerk. A takardun Turawa ana rubuta sunansa Eijkman. Ubansa shugaban makaranta ne, kuma shi ne ɗansa na bakwai. Da ya kai shekara 17 sai ya shiga makarantar likitocin soja a birnin Amsterdam. Ya gama karatu a 1883.

A wannan zamani Holan ce ke mulkin tsibiran da ake kira Indonisiya yau. Can aka aika Aikman aikin likitan soja. Bai daɗe ba zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya galabaita, aka maido shi gida a 1885. Da ya ji sauƙi ya tafi Balin, a Jamus, wurin Robat Kok, babban masanin ƙwayoyin cuta, ya koyi aikin dubansu da madubin likita.

A tsibiran nan akwai wata muguwar cuta da ake kira beriberi. Tana farawa da kasala. Daga nan ƙafafu su yi nauyi, su mutu, mutum ya kasa tafiya. Wani jikinsa ya kumbura, zuciyarsa ta gaji, ya mutu. Ta fi yawa a barikin soja, da jiragen ruwa, da gidajen kaso. Likitoci sun ɗauka ƙwayar cuta ce ke kawo ta. A 1886 gwamnatin Holan ta aika masana su nemo wannan ƙwaya, aka haɗa su da Aikman. Bayan shekara guda sauran suka koma gida. Shi ya zauna, aka ba shi shugabancin ɗakin bincike na Batabiya, birnin da ake kira Jakarta yanzu.

Aikman yana ajiye kaji don gwaji. A 1889 sai kajin suka kamu da ciwo. Suna tangaɗi, suna faɗuwa, ba su iya tsayuwa, waɗansu suna mutuwa. Ciwon ya yi kama da beriberi ƙwarai. Ya dubi jininsu, ya nemi ƙwayar cuta, bai samu ba. Ana nan, cikin watan Nuwamba, sai ciwon ya ɓace shi kaɗai. Kajin da suka rage suka miƙe.

Aikman bai ce sa'a ce ba. Ya bi sawun maganar har ya gano abin da ya sake, wato abincin kajin. Wata biyar ke nan mai kula da su yana karɓo ragowar dafaffiyar farar shinkafa daga madafar asibitin soja yana ba su. Da aka kawo sabon kuku, sai ya hana, don a ganinsa shinkafar soja ba ta kajin farar hula ba ce. Dole aka koma ba su shinkafa mai arha wadda ba a goge ba. Ita ce ta warkar da su.

Sai Aikman ya raba kaji kashi biyu. Kashi ɗaya ya ba su farar shinkafa kaɗai, ɗayan ya ba su wadda ba a goge ba. Bayan ƴan makonni masu cin fara suka kwanta, sauran kuwa lafiya lau. Ya ɗebi dussar shinkafa ya ba marasa lafiyar, suka tashi. Ya yi ta maimaita gwajin nan shekara da shekaru.

To, amma kaza ba mutum ba ce. Abokinsa Adolf Fodaman, likita mai duba gidajen kaso na tsibirin Jawa, ya ɗauki nauyin binciken a kan mutane. Ya bi gidajen kaso wajen 100, masu fursuna fiye da 250,000. Inda ake cin farar shinkafa, mutum 1 cikin 39 yana da beriberi. Inda ake cin wadda ba a goge ba, mutum 1 ne cikin 10,000. Daga nan aka tabbatar ciwon daga tukunya yake.

Ko da yake Aikman ya gano maganin, bai gane dalilin daidai ba. Ya zaci akwai dafi a cikin farar shinkafa, dussa kuwa makarinsa ce. Rashin lafiya ya sake maido shi gida a 1896. Wanda ya ci gaba da aikin, Gerit Girains, shi ya nuna a 1901 cewa babu wani dafi. A cikin dussa akwai wani abu ɗan kaɗan wanda jiki ba ya iya rayuwa sai da shi. In aka goge shinkafa, an zubar da shi ke nan. Aikman ya daɗe kafin ya karɓi wannan bayani.

A 1912 wani masani ɗan ƙasar Polan, Kazimir Funk, ya raɗa wa irin waɗannan abubuwa suna bitamin. A wannan shekara kuma, a Ingila, Farederik Hopkins ya nuna cewa ƴaƴan ɓera ba su girma da tsurar abinci da aka tace, amma in an ɗiga musu madara kaɗan sai su girma. A 1926, a ɗakin binciken nan na Batabiya, aka fitar da abin daga dussar shinkafa. Shi ne bitamin B1. Babban mutum yana bukatar miligram ɗaya da ɗan wani abu a rana. Bai kai ƙwayar gero nauyi ba. Amma jiki ba ya iya ajiye shi da yawa, sai an riƙa ci kullum.

Aikman ya zama babban malamin kiwon lafiya a jami'ar Utrek daga 1898. A 1929 aka ba shi kyautar Nobel tare da Hopkins. Ciwo ya hana shi zuwa karɓarta da kansa. Ya rasu ranar 5 ga Nuwamba 1930, yana da shekara 72.

Abin da kajin nan suka nuna ya shafi kowane gida. A Aderbissinat ana cin gero, ana shan nono, ana kuma sayen farar shinkafar buhu da manyan motoci ke kawowa ta hanyar Damagaram zuwa Agadas. Shinkafa ba dafi ba ce. Illa dai kada ta zama ita kaɗai ce abinci. Bitamin B1 yana cikin gero da dawa, da wake, da gujiya, da hanta. Ya fi yawa a bayan ƙwayar hatsi, saboda haka surfe da wanki in sun yi yawa suna tafiya da shi cikin dussa da ƙasari.

Akwai waɗansu bitamin ban da wannan. Rashin bitamin A yana kawo dundumi, yaro ya kasa gani da magariba. Ana samunsa a hanta, da man shanu, da ƙwai, da karas, da ganyen zogale. Da bazara, lokacin da nono ya yi ƙaranci, an fi jin rashinsa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara ƴan wata 6 zuwa shekara 5 bitamin A a baki. Wannan taimako ne. Ba ya maye gurbin abinci iri-iri.

Tambayoyi

1. Mene ne likitoci suka fara zato yana kawo beriberi?
2. Me ya sa kajin suka warke cikin watan Nuwamba?
3. Don me Aikman ya raba kajin kashi biyu?
4. Wane kuskure ya yi, kuma wa ya gyara shi?
5. Ku rubuta abin da aka ci a gidanku jiya. Ku ja layi ƙarƙashin abincin da ke da bitamin B1 ko bitamin A.