Kiristodulos, Ɗan Gudun Hijirar Da Ya Raya Batmusa

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, dukanmu mun san sunan Batmusa daga Ru'ya ta Yohanna 1:9. Ƙaramin tsibiri ne a ƙasar Girka. Yau za mu duba rayuwar mutumin da ya raya shi bayan ya zama kufai.

An haifi Kiristodulos kusa da birnin Nikiya, a ƙasar Turkiyya ta yanzu. Ma'anar sunansa bawan Almasihu. Tun yana saurayi ya keɓe kansa domin addu'a, har ya zama shugaban masu zuhudu a Dutsen Latros. Da yaƙin Turkawa ya iso wurin, sai ya gudu, daga bisani ya zauna a tsibirin Kos.

A shekara ta 1088, tsufa ya riga ya kama shi, ya roƙi Sarki Aleksiyos na Ɗaya ya ba shi Batmusa. Ya mayar wa sarki filayensa na Kos, ya karɓi wurin da ba kome sai duwatsu da ƙaya. Ya zo da magina, suka soma gina gidan ibada na Yohanna a bisa tudu. Ya so a zauna ba iyali a tsibirin, amma ma'aikata ba su iya rabuwa da matansu da 'ya'yansu ba. Dattijon ya sassauta, ya ba su wuri a arewacin tsibirin.

Aikin bai ƙare ba mahara suka sake tasowa ta teku. Ya gudu zuwa tsibirin Ebiya, can ya rasu a 1093. Almajiransa suka komo, suka ci gaba da gini, suka kawo gawarsa.

Gidan yana nan har yau da ganuwarsa. Garin Hora, mai fararen gidaje da ƙananan majami'u, ya kewaye shi. A ciki ana adana takardar kyautar sarki, da zane-zanen tsarkaka a kan katako, da littattafan rubutun hannu, har da wasu shafuna na Bisharar Markus daga ƙarni na 6.

Akwai waɗanda tashin hankali ya raba da gida da majami'a a cikinmu. Kiristodulos bai ga ƙarshen gininsa ba, amma bai fasa aza harsashi ba. Allah ya ba mu irin wannan bangaskiya. Amin.