Malam Aminu Kano Da Dalilan Shiga Jam'iyya Da Barinta

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, a Dagumawa da sauran mazaɓun ƙaramar hukumar Wudil, kamar ko'ina a Jihar Kano, za ka tarar ofishin jam'iyya ya kwana da tuta ɗaya ya wayi gari da wata. Daga 1999 zuwa 2023 kujerar gwamnan jihar ta zaga tsakanin PDP da ANPP da APC da NNPP, kuma da yawa daga cikin fuskokin da ke kan dandamali ba su sauya ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, kusan duk wanda ya sauya sheƙa sai ya jingina kansa da marigayi Malam Aminu Kano, wasu har da hujjar cewa ai shi ma Malam ya bar jam'iyya ya shiga wata. Wannan gaskiya ne, ya bari, kuma ba sau ɗaya ba. Don haka ya kamata mai karatu ya san abin da ya kai shi kowace rumfa da abin da ya fitar da shi.

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu Bafulatani ne na zuriyar Genawa, gidan da ya shahara da ilimi da alƙalanci, kuma ya yi aikin mufti a kotun alƙali. Ke nan Malam Aminu ɗan gida ne a tsarin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa. Ya fara karatun Alƙur'ani a gida, ya yi elemantare a Shahuci, ya yi Midil ta Kano, sannan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta zama Barewa, ya fito da shaidar malanta a 1942. Wanda ya bi wannan hanya a wancan zamani, gabansa a buɗe yake: aikin En'e, sannan sarauta idan ya iya durƙuso ya kuma iya kame bakinsa.

An tura shi koyarwa Midil ta Bauci, inda ya zauna da mutum biyu da suka bambanta ƙwarai. Ɗaya shi ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai haƙuri, mai ganin a gyara sannu a hankali daga ciki. Ɗayan kuwa Malam Sa'adu Zungur, masani mai kaifin harshe da alƙalami, wanda bai ga dalilin jiran masu mulki su gyara kansu ba. A ƙungiyar muhawara da suka kafa a Bauci cikin 1943 ne aka fara tattauna mulkin En'e a bainar jama'a, kuma a nan Malam Aminu ya karkata ga Sa'adu. Ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1946, ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, sai hukuma ta mayar da shi makarantar horar da malamai ta Maru, a lardin Sakkwato na wancan lokaci.

Kafin a fahimci zaɓinsa na farko, sai an tuna yadda talakan ƙauye kamar Dagumawa yake rayuwa a lokacin. Haraji yana wuyansa, jangali yana kan shanunsa, kuma masu karɓa su ne mai unguwa da dagaci da hakimi. Idan an zalunce shi ya kai ƙara, alƙalin na En'e ne. Ɗan dokan da zai kamo shi na En'e ne. Gidan yarin da za a kai shi na En'e ne. Ba shi da wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa wadda mabuɗinta ba ya hannun wanda yake ƙara. Turawa kuwa suna sama suna kallo, domin tsarin ya sauƙaƙa musu mulki. Wannan shi ne abin da Malam Aminu ya sa a gaba, kuma da shi ya riƙa auna kowace jam'iyya.

Rumfarsa ta farko ita ce Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949 ƙarƙashin Dokta R.A.B. Dikko. A lokacin ƙungiyar al'adu ce ta 'yan boko, kuma Malam yana cikin na gaba-gaba. Amma shugabanninta sun yi ta kaffa-kaffa don kada su ɓata wa sarakuna rai. Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta, suka kafa NEPU a Kano. Malam Aminu ba ya cikin takwas ɗin, domin yana Maru a matsayin ma'aikacin gwamnati, sai dai kafin ƙarshen shekarar ya ajiye aiki ya dawo Kano. A taron Jos na Disamba 1950 aka raba gari tsakanin 'yan NEPU da uwar ƙungiya, wadda a shekara mai zuwa ta zama jam'iyyar NPC, Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka shigo.

A nan ya kamata a ɗan dakata. Mutumin da ya bar albashin wata-wata yana ɗan shekara 30, ya kuma bar ƙungiyar da kowa ya san ita za a miƙa wa mulki, ya koma wadda ba ta da komai sai tauraro a jikin tuta, ba za a haɗa shi da wanda ya gudu daga jam'iyyar da ta faɗi zaɓe zuwa wadda ta ci ba. Sakamakon ma bai daɗe ba ya bayyana. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma doka ta bai wa En'e damar cusa nata mutanen a mataki na ƙarshe, aka wayi gari jam'iyyar ba ta da ko kujera ɗaya a majalisar Kaduna. Ya zama shugaban NEPU a 1953. A 1954 ya tsaya takarar majalisar tarayya a Kano, wanda ya kayar da shi kuwa shi ne Maitama Sule, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa NEPU, wanda a lokacin ya riga ya koma NPC. A ƙauyuka abin ya fi muni. 'Yan Sawaba sun sha bulala da ɗauri kan laifin yin lacca ba izini ko zagin hakimi, wasu aka kore su daga garuruwansu, 'yan Mahaukata kuma suna farautarsu a birni. Mata irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a lokacin da matan Arewa ba su ma da 'yancin jefa ƙuri'a, abin da NEPU ta dage a kai, bai kuma samu ba sai a 1976.

Zaɓinsa na biyu ya fi wuyar karewa. A 1954 NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Dalilin a fili yake: jam'iyyar talakawa tana bukatar kuɗi da lauyoyi da jaridar da za ta kai kukanta Ikko, kuma ba za ta same su a Arewa ba. Farashin ma a fili yake, domin NPC ta samu abin faɗa, ta riƙa nuna NEPU a matsayin 'yar koren mutanen Kudu. Sai ga zaɓen 1959: NEPU ta ci kujeru takwas, Malam ya ci mazaɓar Kano ta Gabas, amma NCNC ta juya ta kafa gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. Malam Aminu ya tsinci kansa a matsayin mataimakin bulaliyar gwamnati a majalisa, wato yana tattara ƙuri'u ga gwamnatin da babbar jam'iyyarta ke ɗaure magoya bayansa a gida. A ganina wannan shi ne wuri mafi rauni a tarihin siyasarsa. Masu kare shi suna nuna cewa bai zama minista ba, bai kuma narkar da NEPU ba, kuma gaskiya ne. Amma ɗan Sawabar da ke kwance a gidan yarin En'e yana da haƙƙin tambayar me ƙawancen ya tsinana masa. Kafin zaɓen 1964 Malam ya haɗa kai da UMBC ta Joseph Tarka, suka shiga gamayyar UPGA, ya kuma rasa kujerarsa.

Bayan juyin mulkin 1966 soja suka soke jam'iyyu. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi kwamishinan tarayya na sadarwa, a 1971 ya koma ma'aikatar lafiya, ya sauka a 1974. Abin mamaki shi ne, a waɗannan shekaru da ba shi da jam'iyya ne aka cika mafi yawan buƙatun NEPU: aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida a watan Mayun 1967, Kano ta samu tata, aka kuma karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Ya fito daga wannan muƙami na shekara bakwai ya koma gidansa na Gwammaja kamar yadda ya bar shi.

Da aka fara shirin komawa mulkin farar hula, Malam ya kasance ɗan majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978, kuma ya zauna da tsofaffin abokan hamayyarsa a ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPN. Wannan ma yana nuna ba mutum ne mai ƙyamar sulhu ba; ya yi fatan yaƙin basasa ya koyar da kowa darasi. Da aka zo rabon muƙamai, sai aka ware masa sakataren yaɗa labarai, abin da magoya bayansa suka ɗauka cin fuska ne. Masu suka har yau suna cewa girman kai ne ya fitar da shi. Ba na musun akwai zafin rai a ciki, domin shi ma ɗan Adam ne, amma rabon muƙami shi ne ya nuna masa su wa za su riƙe akala, kuma ya san su tun 1950. A watan Oktoban 1978 aka ƙaddamar da PRP, mai alamar ɗan mabuɗi.

A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 1.7, wato kashi 10 cikin 100 a faɗin ƙasa, amma a Jihar Kano ya kwashe kusan kashi 76. Alhaji Shehu Shagari bai kai kashi 25 a Kano ba, abin da ya haifar da shahararriyar shari'ar jihohi 12 da biyu bisa uku. PRP ta kafa gwamnati a Kano ƙarƙashin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, da Kaduna ƙarƙashin Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa, kuma dukkansu suka soke haraji da jangali tun da hawansu. Duk wanda ya san abin da kasuwar shanu ta Wudil take nufi ga mutanen wannan yanki, ya san girman wannan mataki. Shekara 29 bayan kafa NEPU, manomin Dagumawa ya daina ɓuya idan an ce ga masu karɓar haraji.

Daɗin bai daɗe ba. Gwamnonin biyu suka riƙa halartar taron gwamnoni tara masu ra'ayin sauyi tare da na UPN da GNPP. Uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi ji, a 1980 aka kore su. PRP ta dare gida biyu: Santsi, ɓangaren gwamnoni da dattijon 'yan ƙwadago Michael Imoudu, da Taɓo, ɓangaren Malam. 'Yan Santsi suka zargi Taɓo da yi wa NPN aiki, wato zargin da Malam ya saba yi wa wasu shi ne aka juyo masa. Shi kuwa, wanda ya riga ya ɗanɗana zama ƙaramin abokin babbar jam'iyya a Jamhuriya ta Farko, bai yarda a sake jingina PRP da wata ba. Ina ganin tsoronsa yana da tushe, amma korar ta yi tsada. An tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981. Ranar 10 ga Yuli na shekarar, tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aike wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai bai wa gwamna shawara kan siyasa. A unguwanni da ƙauyuka, mutanen da suka sha ɗauri tare a zamanin NEPU suka daina gaisawa. Hukumar zaɓe ta amince da ɓangaren Malam, Rimi kuma ya koma NPP don takarar 1983.

Malam Aminu bai ga wannan zaɓe ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, wanda daga baya ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ƙarƙashin Jami'ar Bayero. An sa sunansa a filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa da kwalejin nazarin shari'ar Musulunci. A watan Agustan shekarar talakawan Kano suka sake dangwala wa ɗan mabuɗi, Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya kayar da Rimi. Ya yi wata uku kan mulki, soja suka karɓe ranar 31 ga Disamba, suka rushe PRP tare da sauran jam'iyyu. Allah Ya jiƙan Malam, Ya gafarta masa kurakuransa.