Tarihin Josiah Willard Gibbs (1839-1903)

An haifi Josiah Willard Gibbs a birnin New Haven na ƙasar Amurka a 1839. Mahaifinsa shehun malami ne a Jami'ar Yale, shi ma a nan ya yi karatu har ya sami digirin dakta a fannin injiniya a 1863. Daga 1866 zuwa 1869 ya ƙaro ilmi a Faransa da Jamus. A 1871 Yale ta naɗa shi farfesa, amma ya shekara tara yana koyarwa ba albashi.

Matsalar da ta ɗauke masa hankali ita ce: sifofi nawa ne za a sani kafin a tabbatar da halin da abu yake ciki? Ruwa, alal misali, yana da zafi, da matsin da ke kansa, da yawan wurin da ya cika. Amsar tana cikin doguwar maƙalar da ya buga tsakanin 1875 da 1878. A ƙidaya sinadaran da ke cikin abu, a ƙara 2, sa'an nan a ɗebe yawan kamannun da abin ya fito da su, watau ƙanƙara ko ruwa ko tururi. Abin da ya rage shi ne yawan sifofin da mutum yake da ikon zaɓa.

Ruwa tsantsa sinadari ɗaya ne. In yana kama ɗaya, sifa biyu sun isa: da zarar an tsai da zafi da matsi, sauran sifofin sun tsayu. In yana tafasa, ruwa da tururi suna tare, saura sifa ɗaya. Shi ya sa a kan dutse mai tsawo, inda matsin iska ya ragu, ruwa kan tafasa tun bai kai digiri 100 ba. In kuwa kamannun uku suka haɗu, to babu sauran zaɓi, domin zafin ba ya wuce digiri 0.01.

Da yake lissafinsa yana da wuyar fahimta, mujallar kuma ba sananniya ba ce, kaɗan ne suka gane darajar aikin da farko, cikinsu har da James Clerk Maxwell na Birtaniya. Sai da aka fassara shi zuwa Jamusanci a 1892 sa'an nan ya bazu. Gibbs ya rasu a 1903 a garin haihuwarsa, bai taɓa aure ba. Har yau masu narka ƙarafa da masu tace man fetur da ƙa'idarsa suke aiki.